Wutsiya Mai Tufka Uku da Ƙafar Baba Ladan

Takalmin fatar nan da ke can ƙasan kabad ɗina, wanda kuka sha jawowa kuna yara kuna tambayar ina ɗan'uwansa, na kakanku ne, Malam Garba Ladan. Ƙafar dama ce. In kun zura hannu ciki za ku ji auduga a cushe har tsakiya. Kun girma kuna tsintar labarinsa gutsi-gutsi a gidajen suna da na makoki: wai uwarku ta ɗebo ruwan gota, wato kwata, ta zuba wa mahaifinta a ƙafa, wai bakinta ne ya ci rabin ƙafar, wai shi ya sa kawunku Sani ba ya taka gidanmu. Na farko ƙarya ne, na ƙarshe gaskiya ne. Na tsakiyar kuwa ku za ku yanke bayan kun gama karantawa. Ni dai na gaji da jin ana ba da tarihina a bakin murhu alhali ina raye, kuma hannuna yana iya riƙe biro.

Baba ladan ne a wani ƙaramin masallaci a unguwar Aboabo ta garin Tamale tun kafin a haife ni. Fataucin goro ne ya kawo kakansa daga Kano, ya auri 'yar gari, ya ajiye sanda. Ban taɓa ganin mai kiyaye tsarki irin Baba ba. Tsakanin gidanmu da masallaci akwai babbar gota, kwatar da ke kwashe ruwan kasuwa da na mahauta da na bayan gidaje, an gitta mata katako ana tsallakawa. In Baba ya iso nan sai ya tattare rigarsa har gwiwa, ya bi a hankali kamar mai taka ƙwai. In yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya wuce ya fallatsa masa ko ɗigo ne, to ya koma gida ke nan ya sake riga ya wanke ƙafa, ko da jama'a sun cika sahu suna jiransa. Mma, mahaifiyarmu, takan ce ruwan da Baba ya ƙarar a buta ya isa noman shinkafa.

Sai Allah ya jarrabe shi da 'ya irina, wadda aikinta shiga gota. Na karanta ilmin ƙananan halittu, na samu aiki a wani ɗakin bincike a nan Tamale. Abin da nake farauta wata irin bairos ce da ba ruwanta da ɗan Adam, bakteriya kawai take ci. A wurin aiki muna ce mata fej. Inda bakteriya ta taru nan fej take taruwa, kuma ba inda bakteriya ta yi sansani kamar gota. Haka nake yawo da takalmin roba da safar hannu da kwalabe, daga Aboabo har bayan gari, har 'yan unguwa suka raɗa min Dokta Gota. Baba bai taɓa hana ni ba. Amma duk ranar da na zo gaishe shi daga ɗiba, bokiti da sabulu na zaure suna jirana, kuma ba na wucewa ciki sai na yi musu biyayya.

Dole in ɗan koya muku aikina, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kunnenku ba. Fej kai ce da wutsiya, shi ke nan. Kan rumbun iri ne kawai, wutsiya ce mai aiki. Bakteriya masu taurin kai suna sanye da wata riga mai yauƙi ta sukari, kowace da irin saƙarta, kuma rigar ce ke kare su. A ƙarshen wutsiyar fej akwai wasu ƙayoyi na furotin. Kowace ƙaya zare uku ne da suka naɗe juna, a jikinta kuma akwai wani ɗan tsagi inda zaren rigar bakteriya ke faɗawa daidai, a kama shi a yanke. In saƙar rigar ta dace da tsagin, sai fej ta yaga ta, ta kai ga fata, ta zuba irinta a ciki, bakteriyar ta cika da 'ya'yan fej har ta fashe. In ba ta dace ba, ko shekara suka yi a kwano ɗaya ba abin da zai faru. Ƙuruciyata duka a kan wannan tsagi ta ƙare, ina neman sanin me ya sa wannan ke kamawa wancan ba ya kamawa. Shi ya sa kuka sha tuwo mai gudaji kuna yara.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, da damina, Yaya Sani ya ɗauko Baba a moto, wato babur, daga wata ta'aziyya a unguwar Choggu. Wajen sauka gefen ƙafar Baba ta dama ya taɓa salansa. Baba na da ciwon suga, ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, bai ma sani ba sai da Mma ta ga bororo yana alwala. Aka shafa man shanu, aka ɗaure. Shi kuwa kowace salla sai ya kwance ya wanke, don ba ya yarda da shafa a kan tsumma yana da ruwa a buta. Kafin mu farga ciwo ya ci ciki, ya fara wari. Muka kai shi asibiti. Likitan da ya karɓe shi, Dokta Abukari, mutum ne mai maganar gaskiya ba tare da gishiri ba. Ya gwada allura ya sake wata, ya ƙara wata a kai, bakteriyar da ke cikin ciwon ko gezau. Sai ya ɗauki biro ya zana layi a fatar Baba, daidai inda ja da kumburi suka tsaya, a saman idon sawu. Ya kira ni da Sani waje.

"In jan nan ya tsallake layi ya nufi sama," in ji shi, "zan yanke daga gwiwa. Ba na so, amma ƙafa ba ta kai rai ba."

Sani ya jingina da bango ya zame har ƙasa. Ban taɓa ganin yayana haka ba. Ba wanda ya ce masa motonsa ne, amma shi yana faɗa wa kansa safe da yamma, kuma duk mun sani.

Ni kuwa na roƙi a ba ni 'yar mugunyar ciwon, na tafi da ita wurin aiki. Na shimfiɗa bakteriyar a faranti, na ɗiga mata duk fej ɗin da na tara a firji tsawon shekaru, kowace a gurbinta. Da na buɗe, faranti shafe yake da yauƙi ko'ina, sai wuri ɗaya tak. A nan akwai rami tas kamar an sa yatsa, kewaye da shi da wani zobe mai haske-haske. Zoben nan shi ne shaidar wutsiya tana yaga riga. Murna ta kama ni, sai ta koma ciki da na duba daga inda na samo wannan fej ɗin. Gotar Aboabo ce, ƙarƙashin katakon nan da Baba ke tattare riga.

Dokta Abukari ya yi ta fama da manyansa har suka yarda a gwada, tunda ba sauran magani. Sharaɗi ɗaya suka kafa, cewa sai mara lafiya ya san abin da za a sa masa, ya amince da bakinsa. Na tace fej ɗin, na sake tacewa, har ta zama ruwa garai a 'yar kwalba, ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a ciki. Ina ɗauke da ita Sani ya tare ni a barandar asibiti, Mma na zaune a benci ta yi tagumi.

"Rakiya, tsaya. Me za ki gaya ma shi?"

"Gaskiya mana, Yaya."

"Wane gaskiya? Ki ce magani ne daga Turai, abokan aikinki suka aiko. Baba ba ya tambaya koraa, ko kaɗan. In ya ji sunan gota, kin san ba ya yarda."

"Ni ba zan sa masa abu a jiki da ƙarya ba. Kuma dokta ya ce sai ya sani."

"Dokta ba ya jin Hausa sosai paa, ke ce mai fassara. Kafa na tsohon nan muke magana, ke kina min turancin ofis!"

Na juya wajen Mma ina neman ta raba mu. Ta ɗago kai ta ce, "Ni dai ku bar min mijina da ƙafa biyu." Na fahimci inda ta karkata.

Kada ku ɗauka ban auna ba. Na tsaya a bakin ƙofar nan kwalba na zufa a hannuna, na ga hanyar Sani shimfiɗe, mai sauƙi. Amma na san mutumin da ke kwance ciki. Shekara da shekaru yana komawa gida saboda ɗigo ɗaya. In na sa masa wannan a ɓoye ya warke, zai tsaya a kan ƙafar nan ya kira salla, kuma Aboabo ba ta riƙe sirri. Wata rana wani zai ce masa, Ladan, ashe gota ce ta warkar da kai. Ban san yadda zan dubi idonsa a ranar ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da ke gare shi shi ne a kaina. Na shiga na durƙusa a gefen gado, na faɗa masa duka, har sunan gotar.

Ya saurare ni har ƙarshe. Ya dubi kwalbar, ya kau da kai wajen taga.

"Allah ya yi miki albarka da kika faɗa," ya ce. "Mayar da ita."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma su ne labarin. Kowace safiya nas ta kwance bandeji, mu duka mu leƙa layin biro. Jan ya matso, ya taɓa layin, ya ɗan leƙa sama da shi. Yatsun suka fara duhu daga ƙarami. Sani ya daina amsa gaisuwata. Ya je ya ɗauko limamin masallacin su Baba, dattijo mai ilmi, ya zo ya zauna ya yi wa Baba bayani da taushi, cewa larura tana halatta abin da ya fi wannan, kuma abin da aka tace har ya sake kama ba a yi masa hukuncin asalinsa. Baba ya gyaɗa kai.

"Malam, na san hukuncin, a gabanka na karanta shi. Ban ce haram ba ne. Zuciyata ce take tashi. In na rufe ido ruwan nan baƙi nake gani yana shiga naman ƙafata, kuma da ƙafar zan tsaya gaban Ubangijina."

Liman ya fita yana girgiza kai. A baranda Sani ya nuna ni da yatsa a gaban mutane.

"Kin gani? Da kin yi shiru, da yanzu ya fara warkewa. In aka yanke kafan nan, ke kika yanke."

Na wuce shi na fita. Kuma abin da Sani bai sani ba ya fi wanda ya sani tayar min da hankali. Bakteriya tana sake riga. Kowace rana da ta wuce ana dura mata allurai, tana iya canza saƙarta, tsagin wutsiyar ya daina kamawa, kwalbata ta zama ruwan banza ko da Baba ya yarda. Kullum sai na ɗauki sabuwar mugunya na koma na gwada, ina buɗe faranti ina neman zoben. Zoben na nan, amma ni gani nake kamar yana ƙanƙancewa. Abinci ya daina wuce min. Ku kanku a lokacin gidan gwaggonku na kai ku, kun tuna, kuna ta fushi da ni.

Wata la'asar ina zaune a gefen gadon Baba sai saƙo ya shigo wayata. Tun kafin rashin lafiyar nan na aika wasu fej ɗina wurin wata abokiyar aiki a ƙasar waje, inda suke da na'urar da ke daskarar da abu ta ɗauki hotonsa har a ga yadda furotin ya naɗe. Ta Aboabo na cikinsu. Hoton ƙayar wutsiyarta ne ya iso, abin da na yi shekaru ina mafarkin gani, ya zo a ranar da ba ni da zuciyar murna. An yi wa kowane zare launinsa, ja da kore da shuɗi, sun murɗe juna daga sama har ƙasa, ga tsagin nan a gefe a buɗe. Na ƙura masa ido, hawaye suka zubo min ban shirya ba.

"Me kike kallo yake sa ki kuka?" in ji Baba.

Na ce aiki ne. Ya miƙo hannu. Na ba shi wayar, na sa masa tabarau. Wallahi ban ba shi don in shawo kansa ba, na riga na fid da rai. Ya daɗe yana kallo, yana matso da ita yana nesanta ta.

"Wannan ai igiya ce. Tufka uku. Wa ya zana?"

"Ba zane ba ne, Baba. Wutsiyar abin nan ce da ke cikin kwalba. Haka take."

"Haka aka same ta a gota, da tufkarta?"

"Haka."

Ya sa babban yatsa yana bin zaren kore daga sama zuwa ƙasa, inda ya nutse ƙarƙashin ja ya sake fitowa. Yana saurayi ya yi tufkar igiyar guga, ya san inda hannu ke kuskurewa. Ya tambaye ni wannan ɗan ramin na mene ne. Na ce nan ne take kama rigar cutar da ke cin ƙafarsa, ita kaɗai, cikin duk waɗanda na tara ba wadda ta dace sai ita. Ya tambaya ko wannan ɗin ce ta kwana a gota. Na ce a'a, waccan ta daɗe da shuɗewa, wannan jikar jikar jikarta ce, a kwalba mai tsabta aka haife ta, abin da ta gada kawai wutsiyar. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can waje wani masallaci ya fara kiran salla, ya yi ta amsawa a hankali har aka gama.

"Ni ina tsallake wurin nan ina toshe hanci," ya ce, "ashe akwai mai tufka a ƙarƙashin katakon. Ko zare ɗaya bai kuskure ba." Ya miƙo min wayar. "Kira doktan."

Na fita da gudu har ɗankwalina ya faɗi. Dokta Abukari ya zo ya kwance ƙafar, ya daɗe yana dubawa, ya latsa nan ya latsa can. Ya ce yatsun da gaban ƙafar sun mutu, ba abin da zai dawo da su, sai an cire. Abin da ya rage a yi faɗa a kansa shi ne diddige da ƙauri da gwiwa. Aka yanke daga tsakiyar tafin ƙafa, aka fara wanke ciwon da abin da ke kwalbata safe da yamma. Jan ya tsaya, ya ja baya, ya koma ƙasa da layin biro. Daga baya abin da nake tsoro ya faru, bakteriyar da ta saura ta yar da rigarta don ta tsere wa wutsiyar. Amma da ta tuɓe sai ta zama tsirara, jikin Baba da alluran da suka gaza a da suka gama da ita. Baba ya fita daga asibiti da sanda, da diddigensa da gwiwarsa. Wani baduku a kasuwa ya cusa masa auduga a gaban takalmi. Ya koma kiran salla, a tsaye, har shekarun da Allah ya ƙara masa.

Na tambayi Dokta Abukari, mu biyu kawai, ko in da an fara tun ranar farko da yatsun sun tsira. Ya ce mai yiwuwa ne, kuma mai yiwuwa a'a. Na so ya yi min ƙarya, ya ƙi. Da wannan amsar nake kwana har yau.

Sani ya ci gaba da gaishe ni sama-sama, albarkacin Baba. Abin da ya raba mu ya zo ne a ciwon ajalin Baba, a gida, ɗaki cike da dangi. Sani ne ya yi jinyarsa, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, ni ina wurin aiki rabin yini. Ranar nan na shigo na tarar ya tallafo kan Baba yana ba shi wani magani a kofi. Baba ya rufe baki, ya kau da kai, idonsa na yawo a ɗakin.

"Ina Rakiya? A kira Rakiya ta faɗa min abin da ke ciki."

Sani ya ajiye kofin a hankali. Ashe Baba ya ji duk abin da aka faɗa a barandar asibitin nan ranar da Sani ya ce in ɓoye masa, ƙofar ba ta rufu ba, kuma bai taɓa nunawa ba sai a ranar. Na karɓi kofin na duba na ce maganin zazzaɓi ne, ya sha daga hannuna. Da na waiga, Sani ya fita. Wannan yardar da Baba ya yi min ita ce abu mafi daraja da na samu a duniya, kuma da ita aka soki ɗan'uwana a gaban jama'a, mutumin da laifinsa kawai ya so mahaifinsa da ƙafa biyu.

Bayan sadakar bakwai na fito da safe na tarar da takalmin nan a ƙofar gidana, shi kaɗai, da audugarsa. Na hagu, mai lafiya, yana wurin kawunku. Ban aika masa da magana ba, shi ma bai aiko ba. In kun haɗu da shi a hanya ku sauka daga moto ku durƙusa ku gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba. Ranar da aka ɗauke ni daga gidan nan kuma, kafin ku raba komai, ku ɗauki takalmin ku kai masa Aboabo. Kada ku cire audugar. Ku ce Rakiya ta ce a haɗa su.